Matasa sun watse min bayan mitin ɗin farko, me malamin gona ya kamata ya iya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni sabon malamin gona ne, babbar difloma gare ni a fannin noma, an turo ni wani yanki a ƙasar Haɗejia wajen Auyo aka ce in haɗa matasa in riƙa koya musu noman zamani. Ranar farko wallahi waje ya cika har da na tsaye, da suka gane ba taki ba bashi sai suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya, yanzu in na kira mitin bai fi mutum biyar su zo ba, su ma waya suke dannawa. Dattijai ma sun fi saurarona. Me na rasa ne? Wace ƙwarewa ya kamata in nema, kuma ta yaya zan ci gaba a aikin nan kar in tsufa a inda nake? Don Allah a taimaka, har na fara tunanin neman wani aikin."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. In na fahimce ka da kyau tambayarka gida biyu ce, na farko me ya kori matasan kuma me za ka koya don su tsaya, na biyu yadda kai kanka za ka yi gaba. Zan fi daɗewa a na farkon don shi ne mai wuyar. Ni yawancin aikina a yankin Kura da Garun Malam da Bunkure na yi shi, wajen masu noman rani da ruwan Tiga, kuma halin da ake ciki a can bai da nisa da na Auyo tunda ku ma shinkafa ce da alkama da kayan lambu.

Ka fara kwantar da hankalinka tukuna. Cikar ranar farkon nan ba kai aka zo gani ba, labari ne ya zaga gari cewa an turo mai rubuta suna, kuma mutanenmu sun saba tun zamanin shirye-shiryen Fadama har zuwa bashin manoma na Anko da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 cewa duk inda aka ga baƙo da takarda da biro to akwai rabo a baya. Wanda ya zo don rabo ya ga babu ai dole ya tafi, ba raini ba ne. Mutum biyar ɗin da suka rage su ne jarinka, ka riƙe su da kyau.

Yadda aka gina aikin namu tun asali

Tsarin da muka gada ya faro ne a 1975 da ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da kuɗin Bankin Duniya, daga baya ya bazu kowace jiha ta samu tata hukumar raya noma, Kano ga KNARDA, da aka cire Jigawa a 1991 ita ma ta samu JARDA. Salon da aka bi shi ne na horo da ziyara, duk sati biyu a tara malamai a koya musu saƙon da za su kai na wannan lokacin, kowane malami yana da zaɓaɓɓun manoma da yake zagayawa a ranakun da aka sani, ga babur ga kuɗin mai. To su waye zaɓaɓɓun nan? Magidanta ne masu gona, waɗanda in ka ce a canza iri ko a rage tazara su ke da ikon cewa to ko a'a. Saƙon ma don su aka tsara shi, iri kaza, tazara kaza, buhun taki kaza a hekta. Har yau abin da ake koyarwa a makarantun noma bai yi nisa da wannan ba, shi ya sa ka ga dattijai sun fi jin maganarka, yarensu kake yi.

Yanzu ɗauki saurayi ɗan shekara 22 a ƙauyen da kake. In gidansu har yanzu ana gandu, safiyarsa ta gonar gida ce, abin da aka noma rumbun maigida zai shiga, shi ɗan abin da ya mallaka gayauna ce da yake leƙawa da yamma, wani ma ko ita babu don gonar an raba gado an sake rabawa har ta zama tsinke. In yana son fili a cikin ban ruwa sai haya, kuma mai fili kuɗinsa yake so kafin a sa fartanya. Ba shi da jari, ga maganar aure a gabansa, ga abokinsa da ya tafi ci-rani ko yake jan acaɓa kullum da ɗan abin kashewa a aljihu. Kai kuma ka tsaya gabansa kana bayanin buhu nawa na kamfa ake zuba wa hekta. Ya san ba ƙarya kake ba, kawai maganar ba ta shafe shi ba ne, shi ya sa ya koma kan wayarsa. Yaran nan noma ba baƙonsu ba ne, a cikinsa aka haife su, wasu sun fi ka iya dashe da ban ruwa nesa ba kusa ba. Abin da suke so su ji daga bakinka shi ne, nawa zan sa, a ina zan samo, yaushe kuɗina zai dawo, wa zai saya.

Lissafi, kafin komai

In da za a ce in zaɓar maka ƙwarewa guda ɗaya tal, lissafin gona zan ce. Ina nufin ka iya zama da yaro a gindin bishiya da littafi ɗan 40 ku rubuta komai daga kuɗin hayar fili, haro, iri, rainon iri, 'yan dashe, taki, maganin ciyawa, man injin ban ruwa, korar tsuntsu, yanka, bugu, buhunan zuba, ɗinki, dako har kasuwa, la'adar dillali, har da ladan ƙarfinsa shi kansa wanda kullum mantawa suke su saka. Sai ku raba jimlar da farashin buhu a lokacin kaka, ba farashin bazara ba, ku ga buhu nawa ne zai mayar da uwar kuɗi. Daga nan duk abin da ya hau shi ne riba. Ka yi wannan da alƙaluman da shi ya ba ka ba na ofis ba, kuma kai kanka ka riƙa shiga kasuwar Haɗejia ko Gujungu ranar Lahadi kana jin farashi da kunnenka. Malamin da bai san nawa yuriya take a satin nan ba yaran nan ba za su ɗauke shi da muhimmanci ba, kuma da gaskiyarsu.

Wani lokaci lissafin zai nuna cewa abin da aka turo ka ka tallata ba zai fitar da yaron ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wanda yake ban ruwa da inji a wajen kanal lissafinsa ya canza gaba ɗaya, akwai filin da in aka haɗa haya da mai to sai dai a yi wa mai fili da gidan mai aiki. In haka ta fito ka faɗa masa gaskiya, ku duba ko rage faɗin filin za a yi a kula da shi sosai, ko a haɗa kai mutum uku huɗu a kan inji ɗaya, ko a fara tara kuɗin na sola, ko ma a canza amfanin. Ranar da ka hana yaro asara ranar ka same shi, kuma shi zai kawo maka sauran ba sai ka yi shela ba.

A cikin lissafin nan akwai ƙananan abubuwa da dole su zauna maka a ka ba sai ka buɗe littafi ba. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, wajen eka biyu da rabi. Amma ekar da manomi yake faɗa da baki sau da yawa ba ta kai eka ba ko ta wuce, saboda haka ka koyi auna fili da manhajar waya, ka zagaya iyaka da ƙafa ta ba ka faɗin, in ba haka ba duk awon taki da magani da za ka bayar a kan kuskure zai tafi. Buhun yuriya mai kilo 50 kilo 23 na sinadarin naitirojin ne a ciki tunda kashi 46 cikin ɗari ce, buhun kamfa 15-15-15 kuma kilo 7 da rabi ne kacal, to in yaro ya san wannan ba wanda zai ƙara ruɗa shi a shago. Masara a tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin rami, tsiro ɗaya a rami, tana ba da tsiro sama da 53,000 a hekta, ka sa shi ya ƙirga nasa ya ga nawa ya rasa tun kafin a zo maganar taki. Dashen shinkafa irin su FARO 44 a jere santimita 20 da 20. Gwajin iri kafin shuka, ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, bayan kamar sati a ƙirga nawa suka tsiro. Duk waɗannan da hannu ake nunawa, a gona, kai ma ka tuɓe takalmi ka shiga taɓon. Malami mai tsayawa a kan kunya da farar shadda yana nuni da biro, hmm, bari dai in yi shiru.

Uban yaro

Wannan ba a koyar da shi a aji amma rabin aikin kenan. Filin da kake so yaro ya gwada sabon abu a kai na babansa ne ko na kawunsa, kuma dattijo ba zai ji daɗi ba in ɗansa ya dawo gida yana ce masa malam ya ce yadda muke yi ba daidai ba ne. In ka bari aka yi haka ka haɗa faɗa a gida, kuma kai za a kora ba ɗan ba. Saboda haka kafin ka nemi yaro ka je ka gaida maigida, ka durƙusa yadda ya kamata, ka tambaye shi tarihin gonar, ina ruwa yake kwanciya, wace shekara ƙuduji ya fi damunsa, wane iri ya taɓa gwadawa ya bari da dalilinsa. Za ka ƙaru wallahi, ba don ladabi kawai ba. Sannan ka roƙi alfarma, Baba a ara mana ɗan gefe, fangali biyu uku ko kunya goma, in ya yi kyau na gida ne in bai yi ba ba a yi asarar kirki ba. Ka bar yaron ya riƙe wajen da kansa, kuma a yi shi a jikin na baban, iri ɗaya rana ɗaya, abu ɗaya kawai za a bambanta don ido ya gani. Ranar girbi a auna duka biyun a gaban mutane da mudu ko sikeli, kuma ka bar yaron ya yi bayani, kai ka koma gefe. Na sha ganin dattijon da ya fara da kallon banza ya ƙare yana cewa baɗi a ƙara wa yaron fili.

Haka nan kar ka tsallake bulama ko mai unguwa da sarkin noma da limami. Ba sai sun zo mitin ba, su dai san da zamanka. Kuma in maganar hayar fili ko aro ta taso ka koya wa yaran a rubuta a takarda da shaidu, shekara nawa, nawa ne, don an sha yi, yaro ya kashe kuɗi ya gyara fili ya zuba takin gargajiya baɗi mai fili ya ce yana son abinsa.

Wanda ba shi da fili fa?

Su ne ma suka fi yawa, kuma nan ne nake ganin malamai da yawa suke barin dama tana wucewa. Ba dole sai yaro ya yi shuka zai ci abinci a noma ba. Akwai feshi, akwai rainon irin tumatir da tattasai da albasa a sayar wa masu dashe, akwai gyaran injin ban ruwa da haƙa rijiyar burtsatse ta lambu, akwai aiki da injin yanka da na bugu a karɓi lada, akwai tara riɗi ko zoɓo daga ƙauyuka a tsaftace a kai wa masu saye a Maigatari ko Dawanau. Waɗannan kuɗinsu kusa yake, wani ma a ranar, kuma shi ne abin da saurayi yake nema.

Ɗauki feshi misali tunda shi ne mafi sauƙin farawa kuma mafi haɗari. Yawancin masu goya injin feshi da gwangwanin madara suke awo, wannan ya ce ɗaya wancan ya ce biyu don ya fi ci. Ka koya musu awo na gaskiya. A auna fili mita 10 da 10, a cika tanki da ruwa zalla, yaro ya fesa da irin tafiyar da ya saba, a ga lita nawa ta tafi, a ninka sau 100 shi ne ruwan hekta. In lita 2 ta tafi kenan hekta lita 200 ce, tanki mai lita 20 sau goma kenan, in takardar jikin maganin ta ce lita 2 a hekta to kowane tanki mililita 200 zai sha, shikenan. Ka haɗa da sanin bambancin bakin feshin ciyawa da na ƙwari, da rashin feshi da tsakar rana ko cikin iska, da rufe jiki da hanci, da kwanakin da ake jira kafin a ɗebi tumatir bayan feshi, da fasa robar magani a binne ta kar ta koma gida a zuba mai ko ruwa a ciki. Mu da muka ga abin da tsutsar tumatir ɗin nan da manoma suke kira sharon ta yi a Kadawa da kewaye a 2016 mun ga yadda mutane suka dinga haɗa magani uku huɗu a tanki ɗaya don ruɗewa, kuɗi ya tafi tumatir ya tafi. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a ƙasar nan. Yaron da ya iya duba gona ya gane ƙwaro tun yana ƙarami, ya san maganin da ya dace da awonsa, manoma da kansu za su riƙa nemansa suna biya.

Ajiya ma sana'a ce. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba in wake ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Ka gaya musu dalilin da ya sa wannan ya fi zuba fiya-fiya, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar irin wannan maganin, balle kuma mu da muke ci a gida.

Baki da waya da lokaci

Kalmar mitin ɗin nan ma ka rage ta. Ka same su a inda suke, majalisa, wajen mai shayi, bakin kanal. Kar ka sa taro ranar kasuwa ko da safe lokacin aiki, bayan la'asar ya fi, kuma ka san ranar da ake buga babban wasan ƙwallo don ko kai waye ba za ka ga kowa ba. Magana kar ta wuce rabin awa ba a taɓa wani abu da hannu ba. Ka fi yawan tambaya a kan bayani, kuma in yaro ya faɗi abin da ba daidai ba kar ka gwale shi a gaban abokansa, saurayi zai yafe maka komai ban da wannan.

Wayar da kake ƙorafi a kanta kuwa ka mayar da ita abokiyar aiki. Buɗe guruf a WhatsApp, amma saƙon murya za ka riƙa turawa gajere, minti ɗaya biyu, don ba kowa ke son karatun boko mai tsawo ba kuma data tsada take. Su turo hoton ganye ko tsutsa kai kuma ka amsa a ranar, in abin ya fi ƙarfinka ka tura wa na gaba da kai ka dawo musu da amsa, kar ka yi kame-kame. Ka sa doka tun farko ba siyasa ba tallan magani. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa farkon kowace shekara ka fassara musu shi da Hausa, ku da kuke yankin da ambaliya take yi wa ɓarna kamar ta 2022 wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Kuma ka shirya, za su zo maka da abin da suka gani a TikTok da Facebook, yau a ce ga maganin da yake ninka amfani sau uku gobe a ce irin waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019 mai jure tsutsar fure kaza ne kaza ne. Ka karanta ka san mene ne shi da abin da yake yi da wanda ba ya yi, ka yi bayani ba faɗa, wanda ya ga dama ya shuka wanda bai ga dama ba ga sauran iri nan.

'Yan mata da matan aure masu ƙananan shekaru su ma matasa ne, ana yawan mantawa da su. Turara shinkafa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kiwon awaki da kaji, adashi, duk akwai kuɗi a ciki kuma sun fi maza riƙon lissafi a abin da na gani. Amma kai namiji kar ka yi gaban kanka, ka nemi abokiyar aiki daga sashen mata na hukumarku, a nemi izinin iyaye da mazaje, a yi a gidan mai unguwa ko makarantar islamiyya da rana tsaka.

Sai amana. Kar ka taɓa yin alkawarin abin da ba a hannunka yake ba, ko da oga ne ya ce maka taki yana hanya ka ce an ce, kar ka ce zai zo. Kar ka karɓi kuɗin fom a hannun kowa. In rabo ya zo aka ce ka kawo suna ka karanta sunayen a bainar jama'a, don za a matsa maka a saka na wane da wane, kuma yaran suna kallo. Masu shagon magani za su so ka riƙa tura musu mutane a ba ka ɗan wani abu, duk ranar da aka gane to shawararka ta zama talla.

Kai kuma ta yaya za ka yi gaba

Horon sati bibbiyun da na faɗa a sama ya yi rauni a wurare da yawa tun da kuɗin Bankin Duniya ya janye, to kar ka zauna jiran a kira ka. Ku haɗu ku malaman da kuke kusa, ko ku huɗu ne, duk sati biyu a gonar ɗayanku, kowa ya zo da matsalar da ta gagare shi. Cibiyar faɗakar da manoma ta NAERLS da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya aikinta kenan fitar da ƙananan littattafan faɗakarwa, wasu ma da Hausa, ka neme su. Cibiyar binciken noma ta IAR Samaru su ke fitar da irin da sunansu ya fara da SAM, su SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG, ka san waɗanda suka dace da yankinku da kwanakin da suke yi. Cibiyoyin binciken noma na duniya, IITA da ICRISAT, duk suna da ofis a Kano, ga Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, in ka ji suna ranar nunin gona ka je ko da kuɗin motarka ne, ka yi tambaya ka karɓi lambar masu binciken, yawancinsu suna jin daɗin malamin da yake kawo musu labarin abin da ke faruwa a ƙauye.

Maganar takarda kuma gaskiya ce, a aikin gwamnati mai babbar difloma yana iya cin karo da shinge a sama, saboda haka ka sa digiri a ranka. Ƙungiyar Sasakawa da ta shigo Najeriya a 1992 tana da shiri na musamman da jami'o'i irin su ABU da Bayero don malaman gona da suke kan aiki, kuma abin da nake so da shi aikin kammalawar a ƙauyen da kake za ka yi shi da manomanka, matasan nan naka ma za su iya zama aikin. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta jihar Kano da ke Wudil kusa da kai. Kafin ka tafi ka tabbatar izinin karatunka a rubuce yake a fayil, kar ka dogara da oga ya ce je ka ba komai, oga taransifa ake masa.

Akwai ƙwarewar ofis da matasan malamai suke rainawa alhali ita take ɗaga mutum. Ka riƙe littafin aiki, kullum ka rubuta ina ka je, wa ka gani, me ka gani, me aka auna. Ka iya rubuta rahoto shafi ɗaya mai alƙaluma na gaskiya da hoto, ba irin wanda ake rubuta an wayar da kan manoma da dama kawai ba. Ka koyi Excel da tattara bayanai da waya ta manhajoji irin su Kobo da ODK, don duk wani shiri da zai shigo jiha masu wannan yake fara nema. Ka gyara Turancinka na rubutu, ka kuma gyara Hausarka ta bayani har ka iya shiga gidan rediyo ka yi minti goma manomi ya gane. Ƙungiyar masana faɗakar da manoma ta ƙasa, AESON, tana taro duk shekara, in hali ya yi ka shiga. Sannan ka zaɓi abu ɗaya ka zama gwani a kansa, ko shinkafa ko ƙwari ko ajiya, yadda in an ambaci abin a shiyyarku sunanka zai fara zuwa. Bita kuwa ka je wadda za ka ƙaru, na san masu jakar satifiket da suka ƙware a bin kuɗin zama amma ba za su iya saita injin feshi ba.

In ka samu hali ka yi ɗan nomanka kai ma ko rubu'in eka ne, da kuɗinka. Yana rage maka zafin aljihu, kuma shawarar wanda ya taɓa sa kuɗinsa a ƙasa daban take fita.

Inda maganata ta tsaya

Duk abin da na faɗa daga ɓangaren shuke-shuke da ban ruwa na faɗe shi, in yaranka suka karkata ga kiwon turke ko kaji ko kifi ka haɗa su da malamin dabbobi, kar ka rubuta wa kowa allura. Kuma akwai abin da ƙwarewarka ba za ta gyara ba komai iyawarka, ƙarancin fili, tsadar taki, faɗuwar farashi ranar da kowa ya kawo kaya kasuwa, ciyawar kachalla da take toshe hanyar ruwa a yankinku, da yawan ƙauyukan da aka ɗora wa malami ɗaya ba abin hawa. Wasu yaran za su tafi birni duk da ƙoƙarinka, wani ma tafiyar ce ta fi masa a halin da yake ciki, kar ka riƙe shi a zuci. Batun neman wani aikin kuma ba zan ce maka kar ka nema ba, kai ka san nauyin da ke kanka, sai dai ina ba ka shawara ka ba wa biyar ɗin nan rani ɗaya da damina ɗaya tukuna, ka zauna da kowannensu shi kaɗai a satin nan ku yi lissafin abin da yake son yi, ka je ka gaida iyayensu kafin a fara haɗa gadon iri. In ka auna filayen ka turo min faɗinsu da abin da kowa ya zaɓa sai mu duba awon takin tare.